Takarda Ba Suna, Ba Kwanan Wata: Asarar da Ake Tafkawa a Karatun Gida

A Boɗinga da Shagari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, akwai yara masu ɗimbin yawa da cikin gida ne ajinsu. Akwai yarinyar da mahaifiyarta ke koya mata karatu da lissafi a tsakar gida. Akwai 'ya'yan ma'aikacin da ya ɗauko musu malamin lesin yana zuwa zaure bayan la'asar. Akwai yaron da nisan makaranta, ko tsadarta, ko fargabar hanya ta sa iyayensa suka tsayar da shi a gabansu. Yaran nan suna rubutu kullum, suna cika littafi bayan littafi. Amma in aka ɗauki takardun aka duba, da wuya a ga sunan wanda ya rubuta, balle ranar da ya rubuta. Bayan wata uku babu mai iya rantsuwa ko aikin A'isha babba ne ko na A'isha ƙarama, kuma kafin shekara ta zagayo wani ya tafi wurin mai ƙosai, wani gara ta cinye.

Wannan sakaci ne, kuma iyaye masu ilimi su suka fi cancantar zargi a kansa, domin su ne ba sa karɓar wasiƙar ofis in babu kwanan wata, ba sa biyan kuɗi in babu rasit. Duk yaron da ake koyarwa a gida ya kamata a ɗora masa ka'ida tun ranar da ya iya riƙe alƙalami: kafin ya rubuta komai, ya sa cikakken sunansa da kwanan wata a saman takarda, da hannunsa.

Wanda ba shi da rajista

Ɗan makarantar boko yana da masu riƙe masa tarihi ko da shi bai damu ba. Akwai rajistar kiran suna, akwai takardar sakamako a ƙarshen zango, akwai makin gwaje-gwaje da ake tarawa, akwai hedimastan da zai sa hannu ya buga hatimi. Ɗan karatun gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma a idon ma'aikatar ilimi yaron da ba ya cikin rajistar wata makaranta yana cikin sahun waɗanda ba sa karatu, ko da ya fi 'yan aji iya rubutu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata rana za a kai yaron nan makaranta, hedimasta ya tambaya aji nawa za a sa shi. In babu abin nunawa, sai a duba tsayinsa, ko a yi masa tambaya biyu a tsaye yana rawar jiki, a jefa shi inda aka ga dama. Uban da ya zo da fayil na aikin shekara biyu, kowace takarda da suna da rana, ya zo da hujja. Ana iya ganin inda yaron ya fara, da watan da ya kama tara da ɗebewa, da watan da ya shiga raba lamba. Wanda ya zo da baki kawai yana cewa ɗansa na da ƙoƙari ya faɗi abin da kowane uba ke faɗi.

Ko a cikin gida ma, kwanan wata ne ma'aunin malami. Uwar da ke koyarwa tana ganin ɗanta kullum, don haka ba ta ganin canjinsa, kamar yadda ba ta ganin tsawon da yake ƙarawa sai riga ta yi masa kaɗan. In ta jera takardar Muharram kusa da ta Rajab, nan take za ta gane ko hannun ya daidaita, ko kuskuren da ake gyarawa tun wancan lokaci yana nan daram. Haka kuma uban da ke biyan malamin lesin duk ƙarshen wata ba shi da hanyar sanin abin da kuɗinsa ya saya sai ta takardun da ke ɗauke da ranakunsu. In aka tarar sati uku babu takarda ko ɗaya, ko wata biyu ana kan darasi guda, takardun sun yi maganar da kunya ke hana uba yi.

Ba al'adar Bature ba ce

Akwai masu ganin wannan wani tsirfa ne na 'yan boko, wai karatun gida na gargajiya bai san shi ba. Wanda ya faɗi haka a ƙasar Boɗinga bai san inda yake tsaye ba. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi. Dukansu 'yan karatun gida ne. Malam Abdullahi ya karanci Alƙur'ani wurin mahaifinsu, sa'an nan aka danƙa shi hannun wansa yana da shekara goma sha uku.

An san wannan ne domin shi da kansa ya rubuta. A littafinsa Ida'un Nusukh ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. A Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a 1813, ya tattara waƙoƙinsa yana bayyana lokaci da dalilin da ya sa aka yi su. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijira a 1806. Ana iya kawo waɗannan shekaru yau, bayan ƙarni biyu, saboda al'adar malaman zamanin ce marubuci ya ambaci sunansa a farkon littafi, a kuma rufe shi da lokacin da aka gama. Mai kwafe littafi shi ma yakan sa nasa sunan a ƙarshe, ya roƙi mai karatu addu'a.

Mawaƙa har fasaha suka mai da abin. Suna rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in aka haɗa lissafin haruffanta sai shekarar Hijira ta fito. A lissafin da malaman ƙasar nan suka gada daga Magrib, harafin shin yana tsaye a kan 1000, ra kuma a kan 200, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira ke ɗauke da waɗannan haruffa biyu. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta yi karatunta a gida kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don kai ilimi ga matan karkara a cikin gidajensu, ta bar waƙoƙi masu yawa da ke ɗauke da shekarunsu. Wannan ya taimaka wa Jean Boyd da Beverly Mack suka jera ayyukanta a kundin da suka buga a 1997, har mai karatu na iya bin rayuwarta daga ƙuruciya zuwa tsufa.

A gwada wannan da littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Littafi ne mai daraja ƙwarai, amma marubucinsa bai sa sunansa ba, kuma tsawon mulkin sarakuna ya bayar maimakon shekarun kalanda. Fiye da shekara ɗari ke nan masana na jayayya a kan wa ya rubuta shi da kuma yaushe. Masu binciken tsofaffin rubuce-rubuce kan kai ga ɗaga takarda ga haske suna neman tambarin jinjirin wata uku na masana'antun arewacin Italiya, don su ƙiyasta shekarun da layi ɗaya na tawada zai iya faɗa musu kai tsaye.

Asalin kalandar Hijira ma daga irin wannan matsala ya taso. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, takardar bashi wadda aka rubuta wa'adinta Sha'aban, sai ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara ko na bana ko na baɗi. Daga nan aka yi shawara aka tsayar da Hijira ta zama mafarin ƙidaya, wajen shekara ta 17. Uban da ke ganin kwanan wata kayan aro ne daga Ingila yana musun gadon gidansu.

Hanzari uku

Hanzarin farko shi ne na allo. Ana cewa allo wankewa ake yi, ilimi a ƙirji yake. Gaskiya ne an yi allo don a wanke shi, kuma hadda ita ce ma'ajiyar Alƙur'ani a tsangaya. Sai dai tsangayar kanta ba ta ƙi shaida ba. Ana yin allon zayyana ranar sauka don jama'a su gani, alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan sa sunansa a ƙarshe, kuma ijaza ba komai ba ce illa jerin sunaye, wane daga wane. Abin da ya rage shi ne ƙaramin littafin rubutu a gefen allo, inda yaro zai sa ranar da aka yi masa sabon rubutu da ranar da ya wanke. Layi ɗaya ne a kowane biyi, amma a ƙarshen shekara zai nuna wata nawa aka ɗauka daga Nasi zuwa Sabbi, da kuma inda aka tsaya aka daɗe. Lissafi da insha'i kuwa ba a haddace su a wanke, a kan takarda suke rayuwa.

Na biyu shi ne na tawali'u, wai sa suna a kan aiki yana koya wa yaro nuna kai. Abin da sa suna ke koyarwa shi ne ɗaukar alhaki. Yaron da ya rubuta sunansa a sama ya yarda cewa kuskuren da ke ƙasa nasa ne, ba zai ce yayarsa ce ta yi ba, ba zai kuma ɗauki takardar ƙanensa ya miƙa a matsayin tasa ba. Malam Abdullahi, wanda aka san shi da gudun duniya har ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda abin da ya gani na son mulki da dukiya, bai ga girman kai a cikin sa sunansa a littafi ba.

Na uku na zamani ne: ai ana ɗaukar hoton aikin a waya, waya kuwa tana riƙe rana. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita, ana share hotuna in wuri ya cika. Ban da haka, ranar da waya ta riƙe ba ta koya wa yaro komai ba. Wanda ya rubuta kwanan wata da hannunsa sau ɗari biyu a shekara ya san jerin watanni, ya san bambancin watan Musulunci da na Bature, ya san cewa yau tana da suna kuma ba za ta dawo ba.

Wane suna?

A gidan Bahaushe tambayar ba ƙarama ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari saboda alkunya. Wanda aka sa wa sunan kakansa ya zama Abba ko Baba, wadda aka sa wa sunan kakarta ta zama Ummi ko Inna. A gida ɗaya ana iya samun Muhammadu huɗu. Yaro kan kai shekara goma bai taɓa rubuta sunansa na yanka ba, kuma ranar da aka buƙata sai wani ya rubuta masa yadda ya ga dama: nan Muhammad, can Mohammed, a wata takarda Muhammadu. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar jarrabawa ya isa ya jefa iyali cikin zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa. Yaron da ya saba rubuta suna ɗaya da haruffa iri ɗaya tun yana ƙarami, daidai da abin da ke takardar haihuwarsa, an kare shi daga wannan wahala kyauta.

Mutanen Shagari sun san nauyin suna a kan takarda. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya fara da karatun allo kafin a kai shi elementare a Yabo. Kamar 'yan makarantar zamaninsa da yawa, sunan garinsa ya shiga cikin sunansa, ya bi shi zuwa aikin koyarwa, ya bi shi har fadar shugaban ƙasa a 1979. Sunan da aka tsayar wa yaro a takarda shi ne zai yi ta amsawa har tsufa.

Abin da ake nema

Layi uku ne a saman kowace takarda. Na farko cikakken suna. Na biyu kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya, da shekara cikakkiya, domin "Litinin" kaɗai ko "5 ga wata" kaɗai shi ne Sha'aban ɗin da ba a san na wace shekara ba. Na uku darasin da wanda ya koyar. Wanda ya iya boko ya rubuta da boko, wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami. Ƙaramin da bai iya ba tukuna a rubuta masa da ɗige-ɗige ya bi a kai, kada babba ya ɗauke masa aikin. Takardar da ta zo ba suna a mayar da ita kafin a duba, ba tare da duka ko tsawa ba, kamar yadda akawu ke mayar da fom ɗin da ba a cike ba. Kowane yaro ya sami fayil ko jakarsa, a ajiye a inda ɗanshi da gara ba sa kaiwa, kamar yadda magabata ke adana littattafansu a gafaka.

Kuɗin wannan duka bai kai na katin waya ɗaya ba, lokacinsa bai kai minti ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Garin da Malam Abdullahi ya zauna yana ƙidaya malamansa ɗaya bayan ɗaya bai kamata ya zama garin da yarinya za ta yi shekara biyar tana karatu a gaban mahaifiyarta ba, a wayi gari babu takarda ko ɗaya da za ta ɗaga ta ce tata ce.