Inda Nauyi Ya Nufa, Can Ake Buɗe Ƙafa

Rubutun wannan makon kan ƙafar mota ne, wato tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu. In za ka ƙera mota, ina ya kamata ka fi buɗe wannan tazara, gaba ko baya? Ra'ayina shi ne nauyi ke yanke hukunci. Inda nauyi yake, da inda yake komawa lokacin birki da kwana, can ake buɗe ƙafa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Keke Napep da ke jigilar mu daga Chikaji zuwa PZ, ko daga Kwangila zuwa Samaru, tayarsa ɗaya a gaba, biyu a baya. Ke nan gabansa ba shi da faɗi ko kaɗan. Waɗanda suka ƙera shi a Indiya sun san abin da suke yi: injin yana baya, fasinjoji uku suna baya, nauyin duk yana zaune tsakanin tayoyin nan biyu.

Matsalar tana zuwa ne in direba ya taka birki yana cikin kwana. Birki yana tura nauyi gaba, kwana kuma tana tura shi gefe. In suka haɗu, nauyin sai ya nufi kusurwar gaba ta waje, wurin da keken ba shi da taya. To a daidai wannan kusurwa ake ɗosana fasinja na huɗu kusa da direba, wani lokaci har da na biyar a ɗaya ɓangaren. A ɗora buhu a saman rufi, nauyin ya ƙara tashi sama. Daga nan saura ƙiris tayar baya ta ciki ta bar ƙasa.

Turawa ma sun ɗanɗana wannan. Reliant Robin da aka fara ƙerawa a Ingila a 1973 taya ɗaya gare ta a gaba, kuma injinta ma yana gaba, ta yi suna wajen kifewa a kwana. A Faransa kuwa, Citroën DS ta 1955 injinta yana gaba, tayoyin gaba ne ke jan ta, sai aka buɗe gabanta kimanin santimita 150, bayanta 130. Faɗin ya bi nauyi. Galibin 'yan ƙananan motocin da ɗalibai ke ƙerawa don gasar tsimin mai ta Shell Eco-marathon, wadda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka taɓa shiga, in masu ƙafa uku ne, biyu ake sa wa a gaba, ɗaya a baya.

Wani zai ce ai faɗin baya ya fi amfani a wurinmu, tunda kaya muke ɗauka, kuma taya ɗaya a gaba ta fi araha, ta fi sauƙin juyawa a lungunan Sabon Gari. Gaskiya ne, kuma shi ya sa keken ya karɓu. Amma wannan hujja tana aiki ne muddin kayan sun tsaya a baya, kuma gudun bai yi yawa ba. Titin Samaru ba lungu ba ne, tireloli ake haɗa hanya da su.

Saboda haka mai walda ko bakaniken da ke son haɗa 'yar motarsa, ya fara auna inda injin da mutane za su zauna kafin ya yanka ƙarfe. In taya huɗu ce kuma injin yana gaba, kada gaban ya kasa bayan faɗi. In uku ce kuma za ta yi gudu, biyun su koma gaba.

Mu kuma marubuta, labaranmu cike suke da haɗarin mota da muke rufewa da "ƙaddara ta faɗa masa". Ƙaddara gaskiya ce, amma tana da sababi. In marubuci ya san dalilin da ya sa keke ke kifewa, zai rubuta haɗarin yadda mai karatu zai ƙi zama kusa da direba gobe da safe. Allah Ya kiyaye hanya.