Sunan da Bai Dace da Zanen Boucher Ba

Ɗalibin Hausa a Kawukudi ko Nima da ya zauna fassara sunayen zane-zanen François Boucher (1703–1770) ya yi hattara da kalmar "soyayya". Wannan mai zanen fadar Faransa, ɗan gaban goshin Madam Pompadour, shi ya tsara hotunan da masaƙar Beauvais ta riƙa saƙawa a labulen bango a tsakiyar ƙarni na 18, jerin da aka laƙaba wa suna "Soyayyar Alloli". Sunan nan yaudara ne.

A dubi Yuropa a zanensa na 1747. Jupita ya rikiɗe bijimi, ya ɗauke ta, ya ƙetare teku da ita zuwa tsibirin Kirit. Amma Boucher ya zaunar da ita bisa bijimin cikin natsuwa, ga furanni, ga ƙawaye kewaye, sai ka ce amaryar da za a kai ɗakinta. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya je gaban mahaifinta.

Masu kare shi na cewa ai tatsuniyar Ovid ce, adon bangon attajirai kawai. To, adon da ake kallo kullum shi ne ba a tuhuma. Ko labarin Daura, duk da al'ajabinsa, ya ce bayan Bayajida ya kashe macijiyar Kusugu sai da ya nemi aure, Daurama ta amince.

Nahawu ma bai yarda ba. Ɗafa-ƙeyar "-ayya" ta juna ce, kamar a "jayayya", "ƙiyayya" da "tarayya": dole ɓangarori biyu su shiga. Faransawa da kansu "Sace Yuropa" suka kira zanen.