Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kan Balan-balan ɗin Jules Verne

Akwai wani littafin Faransanci da 'ya'yanmu masu zuwa lekol suke cin karo da shi a ɗakunan karatu da wajen masu kasa tsofaffin littattafai a Garwa da Ngaundere, kuma manya sukan bar musu shi da zaton tatsuniya ce marar cuta. Sunansa Cinq semaines en ballon, wato mako biyar a cikin balan-balan, na Jules Verne, wanda aka buga a Paris a 1863. Shi ne ya fito da sunan marubucin, kuma ana lissafa shi cikin kakannin ƙagaggun labaran kimiyya. Ni kuwa na ce wannan littafi takardar rabon gado ce da aka rubuta alhali mai dukiyar yana raye, yana zaune a zaurensa.

Labarin ba shi da wuya. Turawan Ingila uku, Dakta Fergusson da abokinsa Kennedy maharbi da baransa Joe, suka tashi daga Zanzibar a watan Afrilun 1862 cikin wani ƙaton balan-balan mai suna Victoria, suka keta Afirka daga gabas zuwa kogin Senegal. Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne ta kanmu suka bi. Ba su ratsa Banyo ba, amma littafin ya ambaci Adamawa da duwatsun Alantika da kogin Binuwai da Yola da dutsen Mindif na kusa da Marwa, kafin su nufi tafkin Chadi. Yaron da ya karanta zai ji sunayen ƙasarsa, ya yi murna. To, sai mu tambaya: wane irin kallo aka yi wa ƙasar?

Kallon mai ciniki ne a karar shanu. Da likitan ya hango Binuwai, abin da ya fito daga bakinsa shi ne wata rana wannan kogi zai zama hanyar kutsawa cikin ƙasar baƙar fata. A wani babi ya yi wa abokansa dogon bayani cewa Asiya ta shayar da duniya har ta gaji, Turai za ta gaji, Amurka ma haka, sannan a juyo kan Afirka a ci arzikin da ta tara. Ko sau ɗaya bai tsaya ya ce mutanen da ke noma wannan ƙasa fa, ina za su ba. Sun kuma sauka a wani wuri mai zinariya, Joe ya loda duwatsun a kwandon balan-balan, babu wanda ya ce a nemi mai ƙasa. Abin da ya dame su kawai shi ne nauyi.

Mafi muni shi ne wurin da birai suka kewaye balan-balan ɗin, mafarautan biyu suka zaci mutane ne, aka mai da abin raha cewa bambancin ba shi da yawa, daga nesa ko daga kusa. Ina roƙon iyaye su tsaya a nan. Wannan raha ce aka shirya domin yaron Paris ya yi dariya. Yau yaron Banyo ne yake karanta ta, shi kaɗai, da harshen da aka ce masa shi ne harshen ilimi. Da wa zai yi dariyar?

Na san abin da masu kāre shi za su ce: ɗan zamaninsa ne, bai san wani abu ba sai haka. Wannan uzuri bai karɓu ba, domin Verne, wanda bai taɓa taka ƙasar da ke kudu da Sahara ba, daga littattafan matafiya ya kwaso sunayen nan, musamman Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Barth ya iso Yola a watan Yunin 1851, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, kamar yadda kowane mai mulki yake yi da baƙon da bai gamsu da takardunsa ba. Barth ya ji Hausa. Ya rubuta labarin rini da saƙar Kano da fataucinta cikin girmamawa, ya zauna a Timbuktu ƙarƙashin amanar Shehu Ahmadul Bakka'i, ya karanta littattafan tarihi na Larabci da malamanmu suka rubuta. Duk wannan yana gaban Verne. Ya ɗauki sunayen tsaunuka da koguna, ya bar malamai da alƙalai da fatake a ƙasa. Wannan zaɓi ne.

A duba kuma yadda ya rufe labarin. Miyagun ƙarshe da suka bi balan-balan da dawaki da bindigogi almajiran Alhaji Umarul Futi ne, shehin Tijjaniyya da ya zauna a Sakkwato shekaru, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafin 'yan fashi ne masu kishin jini. Masu ceto kuwa su wa? Sojojin Faransa da ke tsaye a ɗaya gaɓar kogin. Mutum yana iya sukar yaƙe-yaƙen Alhaji Umaru, kuma malaman zamaninsa sun yi jayayya da shi a rubuce kan yaƙinsa da Masina. Amma a nan ba hujja aka kawo ba, tuta aka ɗaga.

Ba na cewa Adamawa ta 1862 aljanna ce. Akwai bauta, akwai hare-hare, kuma bayin da littafin ya ce ya hango suna noman dawa ba ƙarya ba ne. Wannan nauyi ne a wuyan tarihinmu, mu za mu yi maganarsa da bakinmu. Sai dai wanda ya hango bawa a gona, ya ce maganin shi ne ya karɓe gonar da bawan da ubangidan gaba ɗaya, ba tausayi ya kawo shi ba.

Shekara 36 kacal bayan fitowar littafin, abin da aka hango daga sama ya sauko ƙasa. Jamusawa sun ci Tibati a 1899. Turawan Ingila sun ci Yola a Satumban 1901, Jamusawa suka kama Garwa a Nuwamba, suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu da bindiga mai ruwa a Marwa a Janairun 1902. A Fabrairun wannan shekara aka kashe hafsansu Nolte a nan Banyo, aka kashe Lamiɗo Umaru. A Nuwamban 1915 kuma Ingila da Jamus suka gwabza a kan dutsen garin nan, suna faɗa kan ƙasar da ba ta uban kowannensu ba. Ban ce Verne ne ya harba bindiga ba. Na ce irin littafinsa ne ya raini yaran da suka girma suna ganin ƙasarmu fili ce da ke jiran mai ita.

Ba ƙona littafin nake kira a yi ba, kuma ba ɓoye shi ba. A karanta, amma a ajiye masa abokin zama. Mu Hausawa muna da namu matafiyan da suka yi tafiyar ta ɗaya fuskar. Dorugu, yaron da ya yi wa Barth hidima, ya je Ingila a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa na Schön a 1885. Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Bajamushe Flegel jagora a hanyoyin fataucin Adamawa, ya je Berlin a 1884, shekarar da aka buɗe taron raba Afirka a wannan birni. Waɗannan mutane da ƙafa suka shiga, suka ci abincin Turawa, suka dube su ido da ido, suka faɗi abin da ya burge su da abin da bai burge su ba. Ina kira ga malaman lekol da na Islamiyya na unguwanninmu, da matasan da ke jin Faransanci da Hausa, su zauna su fassara babin Adamawa na Verne, su fito da labarin Dorugu da rubutun boko na yau, a karanta wa yara su biyun a zama ɗaya.