Makullin Motar Baba da Takardar Inshora

Duk mai bin titin Ahmadu Bello da la'asar, ko hanyar da ta nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da safe, ya san cewa da yawa daga cikin motocin gida da ke yawo a birnin Sakkwato 'ya'yan masu su ne ke tuƙa su. Wannan ba abin aibu ba ne, domin a halin da ake ciki saurayin da bai daɗe da gama makaranta ba ba ya da ƙarfin sayen mota. Abin da ya dami wannan jarida shi ne yadda iyaye ke miƙa makulli ba tare da sun taɓa buɗe takardar inshorar da ke cikin motar sun ga abin da ta ƙunsa ba.

A Amurka da Ingila, uba kan sanar da kamfanin inshora cewa ɗansa zai riƙa tuƙa motar, a rubuta sunan yaron, a ƙara kuɗi saboda ƙuruciyarsa. A Nijeriya kuwa, inshorar dole da doka ta wajabta galibi motar take bi, ta kuma haɗa da duk wanda mai motar ya ba izinin tuƙi, amma da sharaɗin yana da lasisi. A nan gizo ke saƙa. Doka ba ta ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 18 ba, alhali kowa na ganin yaran da ko gemu ba su fara ba suna sheƙa gudu a Mabera da Gawon Nama, musamman ranar ɗaurin aure. Idan irin wannan yaro ya kaɗe ɗan kabu-kabu, uban da kansa ya buɗe wa kamfani ƙofar ƙin biya, sai jinya ko diyya ta dawo kansa, ko kuma a taru a ba wanda aka cuta haƙuri, ya koma gida da karaya da bashin asibiti.

Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta bin dokar a duk faɗin ƙasa. Sai dai har yau mutane da dama na ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge, shi ya sa suke sayenta hannun 'yan kayi-nayi a bakin ofishin lasisi, ba su damu da ko ta jabu ce ba, duk da cewa ana iya tantance ta a wayar hannu ta rumbun bayanai na NIID. Ko ta gaskiyar ma, ya kamata a sani, ba ta gyara motar uban, ba ta kuma biyan jinyar ɗan da ke tuƙi.

Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda shubuhar addini, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. To amma tun 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, kuma kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful na sayar da wannan kariya bisa tsarin Musulunci.

Don haka muna kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa reshen jihar Sakkwato da jami'an duba motoci, da su riƙa kiran mai mota ya amsa tambaya duk lokacin da aka kama yaro marar lasisi a kan sitiyari, komai girman gidan da motar ta fito. Limaman Juma'a su ma suna da abin cewa a kan wanda za a ɗora wa alhakin jinin da irin wannan sakaci ya zubar.