Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Keken Haya da Baƙin Birnin Kano

A wannan makon muna so mu tattauna wata sana'a da ta daɗe da samun gindin zama a biranen duniya, amma mu nan ba mu waiwaye ta ba tukuna. Sana'ar ita ce a ba baƙo hayar keke, a haɗa shi da ɗan gari wanda zai shige gaba, su zaga birni na awa biyu ko uku, ana tsayawa ana yi masa bayanin abin da idonsa ya gani. Ra'ayinmu shi ne tsohon birnin Kano ya dace da wannan sana'a, kuma matasan cikin birni ne ya kamata su fara ta tun kafin wani ya zo daga nesa ya fara, mu koma 'yan kallo a ƙofar gidanmu.

Bari mu ɗauki misali da Marakish ta ƙasar Maroko, domin ta fi kama da mu. Tsohon birni ne mai ganuwa da ƙofofi, mai lunguna da kasuwanni da majema. A watan Nuwamba na 2016, lokacin da birnin ya karɓi taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe tsarin keken haya mai suna Medina Bike, wanda shi ne irinsa na farko a wani birni na Afirka. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wata ƙungiya mai suna Pikala, wadda wata matashiya 'yar ƙasar Holan ta assasa. Suna kawo tsofaffin kekuna, su koya wa matasan garin gyara, su horar da su yadda ake yi wa baƙi jagora, kuɗin da baƙi suka biya kuma ya koma cikin horon wasu matasan. Yaron unguwa shi ne makaniki, shi ne jagora, shi ne mai ba da labarin garinsu.

Me ya sa keke? Wanda ya zaga Kano cikin mota, titi kawai ya gani: gada, shataletale, allunan talla. Ainihin birnin yana cikin lungunan da mota ba ta shiga. Wanda kuma ya ce da ƙafa zai taka, kafin ya haɗa Ƙofar Mata da Dala rana ta gama da shi. Keke ne ke tsakiya. Yana da saurin da za a haɗa wurare biyar ko shida kafin hantsi ya dubi ludayi, yana kuma da natsuwar da za a ji ƙamshin kayan yaji, a ji karatun allo daga zaure, a amsa sallamar dattijo. Ba ya shan mai, kuma duk inda ya yi faci akwai mai gyara a kusa.

Ku auna wannan hanya da kanku. A tashi daga marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, baƙo ya ga yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami, ya ji ƙarar bugu. A gangara babban masallacin Juma'a, a zagaya Ƙofar Kudu a tsaya gaban Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina. A tsallaka Gidan Makama a ga kayan tarihi. Daga nan a nufi Kasuwar Kurmi, a jingine kekuna a shiga da ƙafa wajen dukawa da masu kayan doki. A ƙare a gindin Dutsen Dala, a hau sama a kalli birnin gaba ɗaya, a ba da labarin Barbushe. Duk wuraren nan suna cikin ganuwa ɗaya, kuma babu wanda sai mun gina shi. Kakanni sun riga sun gama mana aikin.

Sai dai keke ƙarfe ne kawai. Abin da baƙo ke biya wa kuɗi shi ne bakin jagora. Jagoran da ya san aikinsa zai tsaya a Dandalin Turawa ya faɗa wa baƙo cewa Turawan da ake nufi a nan Larabawan arewacin Afirka ne, fataken da suka zauna tun kafin zuwan Ingilishi. Zai nuna masa Sharifai ya ambaci zuwan Shehu Maghili a zamanin Rumfa. Zai bi da shi ta Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa, ya nuna masa cewa sunayen unguwannin kansu shaida ne na yadda Kano ta karɓi baƙi ta mai da su 'yan gida. Zai ɗaga jar fatar akuya a Kurmi ya ce irin wannan ce ayari ke ƙetara Sahara da ita, ta isa Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Wancan karon mu muka yi aikin, sunan wasu ya fito. Wannan kaɗai ya isa ya zama izina.

A nan ne mu marubuta muke da rawar takawa. Yawancin abin da baƙi suka karanta game da Kano kafin su zo, daga alƙalamin matafiya irin su Clapperton da ya zo a 1824 da Barth da ya zo a 1851 ya samo asali. Sun rubuta abin da suka gani da idon baƙo. Yanzu ana buƙatar ɗan littafin jagora da 'yan gida suka rubuta, wanda aka tace shi wajen malaman tarihi da dattawan unguwa, aka raba abin da ya tabbata da abin da yake hikaya. A yi shi da Hausa, a mayar da shi Turanci da Faransanci da Larabci. Matashin da ya riƙe shi da kyau ya samu jarin da ba ya ƙarewa.

Za a ce, ina baƙin suke? Gaskiya ne Turawa ba sa zuwa kamar da. Amma wa ya ce baƙo sai Bature? Kullum 'yan kasuwa na sauka Kano daga Nijar da Chadi da Kamaru, su sayi kaya a Kantin Kwari su juya ba su ga Dala ba. Akwai masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga kudu, su shekara a nan ba su san inda Kurmi take ba. Akwai ɗaliban jami'a da na kwalejoji, da masu zuwa taro su kwana a otal, da 'yan biki, da 'ya'yan Kanawa da aka haifa a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje. Ga kuma baƙin hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Baƙon da ya zo kallon Hawan Daushe yana da safiya guda da bai san yadda zai yi da ita ba.

Za a kuma ce keke abin hawan talaka ne, wane mai kuɗi zai biya ya hau? Wannan tunani namu ne, kuma ya tsufa. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, tsohon firaministansu Mark Rutte da keke yake zuwa ofis. Birnin Paris ya buɗe nasa tsarin keken haya tun 2007. Mu kanmu hayar keke ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Da yawanmu a wajen mai haya na bakin layi muka koyi tuƙi, ana ƙirga mana minti. Sana'ar muna da ita, kwastoman ne kawai za a sauya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mutunci, kuma bai kamata mu yi masa gaggawa ba. A Soweto ta Afirka ta Kudu ana zagayawa da baƙi a kan keke, a kai su titin Vilakazi inda Nelson Mandela da Desmond Tutu suka zauna, da wurin tunawa da boren ɗalibai na 1976. Sana'ar ta samar da aiki, amma an daɗe ana muhawara a kan irin wannan yawo a unguwannin marasa ƙarfi: shin tarihi aka zo gani, ko talaucin mutane aka zo ɗauka a hoto? Cikin birnin Kano gidajen mutane ne, akwai iyali, akwai zauren da ba a wucewa. Don haka ƙa'ida ta riga ciniki. Ba a ɗaukar kowa hoto sai da izininsa, musamman mata da almajirai. A sanar da baƙo irin shigar da ta dace kafin ya hau keke. A nemi yardar masu unguwanni kafin a tsara hanya. Idan baƙi mata ne, a samu jagora mace. Wanda zai iya tsare waɗannan iyakoki shi ne wanda gobe zai haɗa sahu da mutanen unguwar a masallaci, wato ɗan gari.

Saura batun titi da zafin rana. Ba wanda zai jefa baƙo cikin 'yan Adaidaita Sahu da tsakar rana. A fita da sassafe bayan gari ya waye, an fi so ranar Lahadi, a kauce wa lokacin sallar Juma'a. Kada ayari ya wuce mutum shida ko takwas, jagora a gaba, mataimaki a baya da famfo da kayan faci. Kowane keke a duba birkinsa da ƙararrawarsa, kowane baƙo a ba shi hular kwano da ruwan sha. Wanda yake son haya shi kaɗai ya ajiye shaida da lambar waya, a rubuta lokacin fita da na dawowa. Farashi a rubuta shi a fili, kada a yi wa baƙo tsada don an ga baƙo ne. A kuma yi yarjejeniya da marina da dukawa da mai shayi, domin su ma su ga amfanin tsayawar da ake yi a wurinsu. Matasa biyar da kekuna goma masu lafiya sun isa a fara.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce neman na cefane. Badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma duk mai wucewa yana ganin yadda ake cin ta da gini da ɗibar ƙasa. Ramukan rini da yawa a Ƙofar Mata sun bushe. Mun yi ta rubutu muna kuka, kukan bai tsayar da komai ba. Abin da mutane ke ci daga gare shi, shi suke tsarewa. Ranar da matasan unguwa suka ga cewa wannan tsohuwar katanga ce ke kawo musu baƙi duk mako, su ne za su fara tare mai tifa idan ya zo ɗibar ƙasa.

Muna kira ga 'yan uwa da ke zaune cikin birni, da masu gyaran keke, da ɗaliban tarihi, a zauna a zana hanya ɗaya a gwada ta da baƙi na gida. Wanda yake da gyara ko ƙarin wurin da ya kamata a tsaya, muna sauraro. Allah Ya sa mu dace.