Tafiya neman halali ba laifi ba ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in amsa wa malamin da ya yi rubutu a fitowarku ta makon jiya, yana kira da a dawo da dokar Nijar ta 2015 mai hana jigilar baƙin haure. Ya ce masu ra'ayi irin nawa ba su da kishin ƙasa. Ni ɗan kasuwar albasa ne, haifaffen Galmi, na fi shekara 20 ina kai-komo tsakanin Malbaza, Birnin Ƙonni da Illela ta Najeriya. Abin da na yarda da shi shi ne, wanda ya tashi da ƙafarsa neman abin kai wa baka bai yi wa kowa laifi ba, haka ma direban da ya ɗauke shi da yardarsa. Mai cuta shi ne abin kamu.

Mu fara da dokar kanta. An sa mata hannu ranar 26 ga Mayu 2015, mai lamba 2015-36, kuma daga 2016 aka soma aiki da ita gadan-gadan, Turai na zuba kuɗi. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. A Agadez an kama direbobi, an ƙwace motoci. Shin tafiyar ta tsaya? Ba ta tsaya ba. Da can ana fita cikin ayari, sojoji na rakiya har Dirku, ana bi ta rijiyoyin da kowa ya sani. Da doka ta zo, sai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin don gudun jami'ai, kuɗin mota ya hau, wanda ya hango sintiri kuma ya zubar da fasinja cikin rairayi ya tsere. Shi ya sa da aka soke ta ranar 25 ga Nuwamba 2023 na ce an yi daidai, kuma har yau ina kan bakana.

Na san malam zai tuna mini da mutum 92, galibinsu mata da yara daga Kantche, da aka tsinci gawarwakinsu kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013. Allah Ya jiƙansu. Wannan rashi ya taɓa kowa. Amma ƙishirwa ta kashe su a ɓoyayyar hanya, kuma duk dokar da ta ƙara tura matafiya ɓoyayyar hanya ƙara wa hamada gawa take yi.

Mu nan ba sai an ba mu labarin rufe iyaka ba. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Albasa ta ruɓe a cikin buhu, motoci sun yi layi a Ƙonni, kasuwar Laraba ta yi sanyi, ta Lahadi a Illela ma haka. Amma mutane ba su daina tsallakawa ba. Sun bi gonaki a kan kabu-kabu, sun biya ninkin kuɗi. Talaka ya yi asara, mai karɓar na goro a bakin daji ya yi ƙiba. Wannan layin iyaka Faransa da Ingila suka ja shi a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, ba su tambayi kakanninmu ba. Gwaggona tana aure a can, ƴaƴanta na zuwa mana suna da biki. Su ne baƙin hauren?

Mu Adarawa kuwa ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan kalma. Wane gida ne a Illela tamu, ko Badagishiri, ko Tajaye, da ba shi da ɗan bida a Abijan, Legas ko Libiya? Da kuɗin cin rani ake sayen hatsi in damina ta gaza, da shi ake aure, da shi ake rufin kwano. Mahaifina yana cikin waɗanda gwamnatin Shagari ta kora daga Najeriya a 1983. Ya dawo da tabarma da buta, ya bar kayan sana'arsa a can, kuma har ya rasu bai daina tambayar laifin da ya yi ba. In mun ce ɗan Gini ko ɗan Gambiya da ya ratsa tashar Ƙonni mai laifi ne, da wane baki za mu yi kuka idan aka jibge ƴaƴanmu a bakin iyakar Aljeriya, su taka kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka?

Wannan ra'ayi ba a bakin ƴan albasa kaɗai yake ba. A Amurka, Gary Johnson, wanda ya yi gwamnan jihar New Mexico mai iyaka da Meziko daga 1995 zuwa 2003, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2016 a jam'iyyar masu son gwamnati ta rage shiga harkar mutane. Ya ƙi katangar da Trump ya yi alkawari. Shawararsa ita ce a sauƙaƙa takardar izinin aiki, a binciki mutum ko yana da tabon laifi, in ba shi da shi ya shiga ya yi aiki ya biya haraji. An zarge shi da sakaci, ya samu ƙuri'a kashi 3 cikin 100 kawai. Ni dai ina ganin ya fi masu zarginsa hangen nesa, domin ya zauna a bakin iyaka kamar yadda muke zaune.

Saura batun tsaro, wanda shi ne hujjar malam mafi ƙarfi. Ƴan bindiga da Lakurawa sun addabi wannan yanki, ni ma ina tafiya da fargaba. To amma ɗan bindiga ba ya bin layi a gaban duwan. Idan ƙofar gari a buɗe take, mai gaskiya zai bi ta nan, a rubuta sunansa, a san inda ya nufa, jandarma kuma ya samu sukunin fuskantar wanda ya zaɓi daji. Idan aka rufe ta, mai tallan goro da mai ɗauke da makami sun zama abokan hanya guda. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Masu sayar da mutane kuwa, dokarsu tana nan, ta 2010 kan fataucin bil'adama. A yankinmu aka sayar da Hadijatou Mani tana ƴar shekara 12, har kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya a 2008. Irin wannan zalunci ne ya cancanci kurkuku, ko an tsallaka iyaka ko ba a tsallaka ba.

Roƙona ga hukumomi shi ne su sauƙaƙa wa talaka samun katin ɗan ƙasa da takardar tafiya, su rage shingaye a kan hanya, su zauna da maƙwabta a tabbatar fitarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta zama sanadin wulaƙanta ɗan cin rani ba. Malam kuma ina gayyatarsa ya zo Ƙonni ranar Laraba, ya tsaya a tasha, ya tambayi matafiya abin da ya fito da su daga gida.



Naku mai karatu,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Galmi, Malbaza.