Ɗaliban Injiniya A Tamale: A Ina Za Su Goge Hannu?

Sanin kowa ne cewa 'yan kasuwa da dama daga Aboabo, Bawku da Paga sun sa 'ya'yansu karatun injiniya a Tamale, wasu a Jami'ar UDS da aka kafa a 1992, wadda sashenta na injiniya ke Nyankpala, wasu kuma a tsohuwar Foliteknik da ta zama jami'ar fasaha a 2018. Da ribar albasa da shanu ake biyan kuɗin makarantar, don haka muna da bakin tambaya: a ina yaran za su goge hannu kafin su fito?

Idan mai karatu bai manta ba, a 2022 aka buɗe gadar sama ta Tamale wadda kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ya gina, a 2023 kuma aka buɗe sabon ginin filin jirgin sama. Irin waɗannan ayyuka baƙi ne, da an gama 'yan kwangila sai su naɗe tabarmarsu. Dam ɗin Pwalugu kuwa, da aka aza harsashinsa a 2019, aikin ya tsaya. Kamfanin lantarki na NEDCo, mai hedikwata a Tamale, ba zai iya ɗaukar kowa ba, kuma shekara guda ta bautar ƙasa ba ta isa yaro ya ƙware, musamman idan ofis aka tura shi yana jera takardu.

To amma mu dubi gida. Injin casar shinkafa idan ya tsaya, sau da yawa sai an jira kayan gyara daga Kumasi. Tumatirin Burkina Faso na ruɓewa a hanya saboda zafi, albasar Nijar na lalacewa a ma'ajiya marar iska. Ga mata masu man kaɗanya, ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana. Duk wannan aikin injiniya ne, ko da yake wasu ɗaliban na ganin ya yi musu ƙanƙanta, abin da muke ganin kuskure ne babba.

A ra'ayinmu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su je wajen shugabannin sassan nan biyu, su nemi a turo musu ɗalibai lokacin hutu, da ɗan kuɗin abinci da na mota, da kuma takardar shaidar aikin da yaro ya yi. Wannan takarda za ta amfane shi ranar neman aiki. Ƙungiyar masu albasa za ta iya farawa da ma'ajiya ɗaya kafin kaka mai zuwa.